Tiyar Ƙonni da kwanon Illela: wa zai daidaita ma'aunin masu ƙidaya?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, sannan ya ƙetara iyaka ranar Lahadi ya ci ta Illelar jihar Sakkwato, ya san ciniki tsakanin garuruwan nan biyu yana bukatar lissafi iri biyu a kai guda. Nan ana awon hatsi da tiya a biya da sefa, can kuwa a auna da kwano a biya da naira. Ɗan kasuwar da ya goge ba ya neman takarda da alƙalami. Kafin mai canji ya gama ƙirga kuɗi, shi ya riga ya juya kwano ya koma tiya, ya juya naira ta koma sefa, ya fidda kuɗin mota da na duwan, ya san ko tafiyar tana da riba. In kuwa ya yi kuskure, aljihunsa zai shaida masa tun kafin magariba.

Gwamnatoci ma suna da irin wannan lissafi. Su ne ke ƙidayar jama'a da dabbobi, su auna amfanin gona, su bi farashin kaya, su rubuta abin da ya shigo ƙasa da abin da ya fita. Bambancin shi ne kuskuren gwamnati ba ya bayyana ranar da aka yi shi. Sai an shekara biyu ko biyar a tarar ajin lakwal ya yi wa yara kaɗan, ko allurar rigakafi ta ƙare layi bai ƙare ba, ko rumbun tsimi ya kasa kai jama'a damina. A lokacin nan wanda ya yi lissafin ya daɗe da canza ofis, talaka ne ke biyan kuɗin kuskuren. Wannan ne ya sa zancen haɗin kai tsakanin ma'aikatun ƙididdiga na ƙasashe, wanda ake ɗauka zancen manya ne na ɗakunan taro a Bamako da Adis Ababa, ya shafi mai sayar da albasa a Galmi da malamin lakwal a Tajaye kai tsaye.

Shin mutanen Ƙonni raguwa suka yi?

Ga wani misali daga gida. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta ba gundumar Birnin Ƙonni mutum 363,176. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum 312,886. Baƙon da ya ɗauki littattafan nan biyu a Yamai ko a Paris, ya jera alƙaluman, zai rantse cewa a cikin shekara goma sha ɗaya Ƙonni ta yi asarar mutum sama da dubu hamsin. Alhali kowa ya san gari sai faɗaɗa yake yi, gonakin jiya sun zama unguwanni.

Sirrin yana cikin sake fasalin mulki na 2011. A wannan shekara ce aka yanke Malbaza da Dogarawa daga jikin Ƙonni aka mai da su gundumar Malbaza, aka bar wa Ƙonni Tsarnawa da Bazaga da Alela. A ƙidayar 2012 sabuwar gundumar ta tashi da mutum 232,407. In aka haɗa biyun, tsohuwar ƙasar Ƙonni ta kai mutum 545,293, wato ta ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a 2001. Haka abin yake ga Illelar Adar. A 2001 tana da mutum 263,832. A 2012, bayan an cire mata Bagaruwa mai mutum 72,293, ta tsaya a 336,621, tare da Badagishiri da Tajaye. Gundumomin nan uku, Ƙonni da Malbaza da Illela, sun tara mutum 881,914, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jihar Tawa, wadda aka ƙidaya mata 3,328,365.

To idan matsar da layi guda a kan taswira, cikin ƙasa ɗaya da ma'aikata ɗaya, yana iya ruɗa mai karatu haka, ina ga gwada alƙaluman ƙasashe biyu, kowace da harshen aikinta da kuɗinta da shekarar da ta yi ƙidaya? Aikin farko na haɗin kan masu ƙididdiga ke nan: su yarda da ma'anar kalmomi. Wane ne mazaunin gida? Magidancin Adar da ya tafi biɗa Abijan ko Legas bayan kaka, a ina za a rubuta shi? Ƙa'idar da ƙidayar Nijar ke bi ita ce wanda tafiyarsa ba ta kai wata shida ba, ɗan gida ne da ba ya nan. Idan maƙwabciya ta bi wata ƙa'ida daban, ana iya ƙirga mutum guda sau biyu, ko a rasa shi gaba ɗaya. Ko watan da aka yi aikin yana da tasiri: ƙidayar 2001 an yi ta tsakanin Mayu da Yuni, lokacin da ƴan cin rani ke komawa gida domin shuka, ta 2012 kuwa cikin Disamba, lokacin da samari da yawa suka riga suka kama hanya.

Tsoron ƙidaya da amfaninta

Dattawa ba su manta da asalin ƙidaya a ƙasar nan ba. A zamanin Nasara, ranar da aka tara gari aka buɗe littafi, domin bodo da jangali ne, ko domin ɗibar mutane aikin tilas. Wanda ya ɓoye ɗa ko saniya ya rage wa kansa nauyi. Wannan tsoro ya yi jijiya, har yau akwai makiyayin da ke ganin faɗin adadin garkensa kamar kiran asara ne.

Ƙidayar zamani an gina ta a kan wata ƙa'ida daban. Cikin manyan ƙa'idodi goma na ƙididdigar hukuma, waɗanda hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1994, kuma babban zauren Majalisar ya sa musu hannu a 2014, akwai wadda ta ce bayanin da mutum ya ba mai ƙidaya amana ne, ba a miƙa shi ga mai karɓar haraji ko ɗan sanda, lissafi kaɗai za a yi da shi. Nijar ta yi babbar ƙidaya sau huɗu: a 1977 aka samu mutum miliyan 5 da ƴan kai, a 1988 miliyan 7 da dubu 250, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuwa 17,138,707. Daga waɗannan alƙaluma ake fidda yawan yaran da suka isa shiga lakwal, da yawan matan da za su bukaci ungozoma, da kason da kowace ƙaramar hukuma za ta samu. Bayan ƙidayar 2012 ne aka ƙara kujerun majalisar dokoki daga 113 zuwa 171, aka yi zaɓen 2016 a kan haka. Garin da ya ɓoye mutanensa ya ɓoye rabonsa ke nan.

Shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a yi ƙidaya duk bayan shekara goma. Bisa wannan lissafi ta biyar ta kamata ta faɗo a 2022, amma shekarar ta wuce, 2023 da 2024 suka bi bayanta ba a yi ba. A irin wannan hali hasashe ake aiki da shi, a ɗauki saurin ƙaruwar da aka gani tsakanin 2001 da 2012, wato kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, a riƙa ɗorawa. Hasashe yana iya kusantar gaskiya a lissafin ƙasa baki ɗaya. Amma a ƙaramar hukuma guda, musamman ta bakin iyaka inda rashin tsaro a ƙasar Sakkwato da Zamfara ya kora jama'a zuwa wannan ɓangare, tazarar da ke tsakanin takarda da gaskiya tana ƙaruwa duk shekara.

Yadda aka fara haɗa hannu

Ƙarshen shekarun 1980 ya samu ma'aikatun ƙididdiga na Afirka cikin mawuyacin hali. Tsarin tsuke bakin aljihu ya hana ɗaukar sababbin ma'aikata, motocin bincike sun kwanta babu mai, gwanayen ma'aikata suka riƙa komawa ƙungiyoyin waje. A 1990 ministocin tsare-tsare na Afirka suka amince da shirin Adis Ababa na farfaɗo da ƙididdiga, suka kuma ware ranar 18 ga Nuwamba ta kowace shekara a matsayin ranar ƙididdiga ta Afirka.

Ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 21 ga Satumba 1993, a Abijan, ƙasashe 14, ciki har da Nijar, suka sa hannu a yarjejeniyar kafa AFRISTAT, wata cibiya da za ta tara gwanaye wuri guda, kowace ƙasa ta riƙa aron su. An ba ta mazauni a Bamako, ta fara aiki a Janairun 1996 ƙarƙashin Lamine Diop ɗan Senegal. Dabarar mai sauƙi ce. Ƙasa kamar Nijar ba ta da ƙarfin riƙe gwani a kowane fanni, amma ƙasashe goma sha huɗu suna iya riƙe shi tare. Dama can ma'aikatan suna fitowa ne daga makarantu guda, na Abijan da Yawunde da Dakar, don haka harshensu na aiki ɗaya ne.

Ba a cika wata huɗu da sa hannun ba sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Ƴan kasuwar Ƙonni da suka ga wannan rana ba sa bukatar bayani: an kwana da farashi guda an tashi da wani. Ma'aikata suka nemi ƙarin albashi, gwamnatoci suka ce tsadar ba ta kai yadda ake faɗa ba, kuma babu ma'auni guda da zai raba gardama, domin kowace ƙasa da yadda take auna tsadar rayuwa. A cikin wannan wata ne aka kafa UEMOA a Dakar. Ƙasashen da ke cin kuɗi ɗaya dole su san ko tsada na tafiya daidai a cikinsu, in ba haka ba babban banki zai riƙa tuƙi ido rufe. Don haka aka binciki abin da magidanta ke kashewa a manyan biranen ƙasashen a 1996, aka haɗa kwando iri ɗaya na kayan masarufi, daga 1998 aka fara fidda ma'aunin farashi na bai ɗaya kowane wata.

Sai dai wannan ma'auni ya daɗe yana da gurgunta. Shekara da shekaru, abin da ake kira tsadar rayuwa a Nijar farashin kasuwannin Yamai ne kaɗai. Ƙonni kuwa tana nesa da Yamai da kusan kilomita 420, alhali tsakaninta da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, kuma naira ce ke kaɗa farashin sabulu da mai da atamfa a kasuwarta. Sai da aka sabunta ma'aunin bisa shekarar 2014 sannan aka faɗaɗa shi ya game jihohi.

Mene ne tsari, kuma me ya haifar?

A 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya da Bankin Duniya da asusun lamuni na duniya da Tarayyar Turai da ƙungiyar OCDE suka kafa wani kawance mai suna PARIS21. A taron Marakesh na 2004 aka buƙaci kowace ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ta rubuta tsarinta na bunƙasa ƙididdiga. Dalilin a fili yake. Kafin nan, kowane mai ba da agaji yana zuwa da bincikensa da tambayoyinsa da motocinsa. Ana iya ziyartar ƙauye guda sau uku a shekara ana tambayar mai gari abu ɗaya, a fidda amsa uku masu saɓa wa juna, alhali wani fannin babu wanda ya leƙa shi. Tsari shi ne ƙasa ta zauna kamar manomi gabanin damina, ta ce ga abin da za a auna cikin shekara biyar, ga wanda zai auna, ga lokacin, ga kuɗin, wanda ke son taimako ya shigo ta wannan ƙofa.

A wannan shekara ta 2004 ce Nijar ta yi dokar da ta kafa cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, a madadin tsohon ofishin da ke ƙarƙashin minista, tare da majalisar ƙididdiga ta ƙasa. Tsarin farko ya ɗauki 2008 zuwa 2012, na biyu 2017 zuwa 2021. A matakin nahiya kuma, shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da kundin ƙididdiga na Afirka a 2009, aka biyo da tsarin daidaita ƙididdiga a 2010, aka kafa cibiyar nahiya a Tunis.

Ba a ce duk takarda ce ba. Babbar ƙidayar noma da dabbobi da aka yi a tsakiyar shekarun 2000, da taimakon hukumar FAO da Tarayyar Turai, ta gano dabbobi kimanin miliyan 31, adadin da ya zarce abin da ofisoshi ke rubutawa a da nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ana raina dukiyar makiyaya a lissafin ƙasa saboda ba a ƙirga ta ba. Sannan a 2018 zuwa 2019 ƙasashe takwas na UEMOA suka yi binciken halin rayuwar magidanta da takardar tambayoyi iri ɗaya a lokaci ɗaya, wanda ya nuna kashi 40.8 cikin ɗari na ƴan Nijar suna cikin talauci, kuma a karon farko ana iya jera wannan adadi da na Mali ko Benin ba tare da an haɗa tiya da kwano ba. Da Nijar ta sabunta lissafin arzikinta bisa shekarar 2015, sai aka tarar ya fi yadda ake zato da kusan kashi ɗaya cikin uku. Najeriya ta riga ta yi irin wannan a 2014, nata ya tashi da kashi 89 cikin ɗari a rana guda, ta zarce Afirka ta Kudu. Babu wanda tukunyarsa ta ƙara nama a wannan rana. Amma nauyin bashi da yawan haraji da wa'adin rance duk da wannan adadi ake gwada su.

Ɓarakar tana bakin iyaka

Duk wannan gini yana da wata ɓaraka, kuma mutanen Ƙonni ne ke zaune a bakinta. Nijar ta daidaita ma'auninta da Senegal da Gine Bisau, ƙasashen da ɗan kasuwar Adar ba safai yake taka su ba. Amma Najeriya, wadda ke sayen wakensa da ragunansa, take sayar masa da masara da kayan masana'anta, ba ta cikin UEMOA, ba ta cikin AFRISTAT. Ƙidayarta ta ƙarshe ta 2006 ce, mai mutum miliyan 140 da ƴan kai, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Illelar Sakkwato da Birnin Ƙonni, waɗanda dangi ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, ba a taɓa ƙidaya su a shekara guda da tambaya guda ba tun da Faransa da Ingila suka ja layi tsakaninsu a farkon ƙarni na ashirin.

An ga abin da wannan ke jawowa a 2005. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, hukuma ta auna giɓin hatsi kimanin ton 223,000. A lissafin ƙasa wannan ba giɓi ne na tashin hankali ba, an sha ganin wanda ya fi shi, kuma a al'ada hatsin arewacin Najeriya ne ke cike shi. Amma a wannan shekara farashi a can ma ya yi sama, hatsin da aka saba gani yana haurowa bai hauro ba, wasu maƙwabta kuma suka tsuke fitar da nasu. Kafin tsakiyar damina buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, farashin dabbobi ya faɗi, makiyayi ya sayar da tumaki biyu ko uku kafin ya samu abin da guda ke saya masa a da. Jihohin Tawa da Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. Nijar tana da tsarin bin farashin kasuwanninta tun 1989, kuma ya yi aikinsa. Abin da ya rasa shi ne ido a kasuwar Dawanau ta Kano, inda ake yanke farashin hatsin yankin baki ɗaya. Dillalai sun san abin da ke tafe tun da wuri, ofisoshi ne suka makara.

Darasin bai tafi a banza ba. A 2006 ƙungiyar CILSS da abokan aikinta suka aika tawagar haɗin gwiwa ta bi hanyar Kano da Katsina da Maraɗi. Daga baya ma'aunin bai ɗaya na gano yankunan da yunwa ke barazana, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke jagoranta, ya ƙetara iyaka: daga 2015 aka fara amfani da shi a jihohin arewacin Najeriya, har da Sakkwato. Wannan na cikin wurare ƙalilan da ake auna gefen iyaka biyu da tiya guda.

A fannin ciniki kuwa da sauran aiki. Abin da duwan na Ƙonni ya rubuta ya fita, shi ya kamata kwastan na Illela ya rubuta ya shigo, littafi biyu su zama madubin juna. Sai dai kowa ya san garken da ke bi ta daji, da babur mai jarkokin mai, da shinkafar da ta shigo daga Kwatano da sunan Nijar ta kwana a Sakkwato. Ko albasar Galmi da ke bi ta hanyar hukuma daga Tsarnawa zuwa Akara da Abijan, da buhu ake ƙirga ta, buhu kuwa wani da hula wani babu, nauyinsu ba ɗaya ba. Sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, asarar da littafin duwan ya nuna wani yanki ne kawai na abin da masu shaguna da ƴan dako da direbobi suka ɗanɗana. Haka nan shawarar hana fitar da hatsi da gwamnati ta yanke a Oktoban 2024, ingancinta ya rataya ne ga sanin abin da aka girbe da abin da ke cikin rumbuna da abin da ke sulalewa ta ɓarauniyar hanya.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta rage wata rumfa da masu ƙididdigar Yamai da na Abuja ke haɗuwa a ƙarƙashinta. Shawara ce ta siyasa, tana da dalilanta. Amma farashin hatsi bai san an fita daga wata ƙungiya ba. Akwai sauran ƙofofi: Tarayyar Afirka, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai. Wannan hukuma ita ce mafi dacewa ta sa ofishin ƙididdiga na Tawa da na jihar Sakkwato su riƙa musayar farashin kasuwannin iyaka da adadin dabbobin da suka ƙetara, ko da sau ɗaya a wata.

Wa ke biyan kuɗin awo?

Akwai wata magana da ba a son faɗa a wurin taro. Manyan bincike da ƙidayoyi na ƙasar nan, kaso mai yawa na kuɗinsu daga waje yake zuwa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yana da tambayoyin da suka dame shi, su ne za su shiga takarda, kuma ranar da dangantaka ta yi tsami aiki ya tsaya. An ga haka a 2023, sa'ad da Bankin Duniya ya dakatar da fidda kuɗi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, watanni kaɗan bayan ya amince da wani babban shirin daidaita ƙididdiga na yankin da Nijar ke ciki. Ƙasar da ke neman tsayawa da ƙafafunta ba ta da abin da ya fi cancanta ta biya da aljihunta irin sanin adadin ƴaƴanta. Haɗin kai da waje yana da kyau wajen ma'auni da horo da kayan aiki. Albashin mai bin kasuwa da man babur ɗinsa kuwa, wannan nauyin baitulmali ne.

Abu na biyu shi ne ƴancin mai awo. Adadin da aka gyara domin ya faranta wa mai mulki, ko domin ya jawo agaji, ya zama kamar tiyar da aka bubbuge gindinta: ana cin riba da ita kasuwa ɗaya, daga nan babu mai sake yarda da mai ita. Najeriya ta ɗanɗana wannan a 1973, inda gardama a kan sakamakon ƙidaya ta kai har aka soke shi baki ɗaya.

Rabon kowa a cikin aikin

Lissafin da ake kai wa Bamako da Tunis, a ƙauye yake farawa. Rajistar malamin lakwal a Badagishiri, da littafin haihuwa na magajin garin Dogarawa, da takardar malamin gona da ya auna gonar gwaji a fadamun Magiya, da ƙidayar malamin dabbobi ranar kasuwa, su ne tubalin. Ma'aikacin da ya zauna a inuwa ya cike takarda da ka, ya ɗauki na bara ya ƙara kaɗan, ya sani ƙaryarsa za ta yi tafiya har ta shiga littafin duniya, sannan ta komo gundumarsa a matsayin buhunan da ba su isa ba. Su kuma shugabanni na sama, haƙƙi ne a kansu su mayar wa gunduma da sakamakon abin da aka karɓa daga gare ta, cikin harshen da jama'a ke ji, a liƙa a ofishin magajin gari, a karanta a gidajen rediyon karkara. Wanda ake tambaya kullum ba a taɓa gaya masa amsa ba, wata rana zai gaji da faɗin gaskiya.

Ƴan kasuwa kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ke gudana a kan iyaka. Ƙungiyoyin masu albasa da na dillalan dabbobi da na masu motoci suna da alƙaluman da babu ofishin da ke da su. In aka tabbatar musu da amanar da doka ta yi alkawari, cewa abin da suka faɗa ba zai koma hannun mai haraji ba, su ne za su fi cin moriya. Ranar da za a nemi gyaran hanya ko rumbun ajiyar albasa ko sassaucin kuɗin fito, wanda ya zo da adadi a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya zo da kuka kaɗai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin sannan magini zai iya liƙewa. Idan mai ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida, a Malbaza ne ko a Illela ko a Ƙonni, a shimfiɗa masa tabarma, a faɗa masa har jaririn da aka raɗa wa suna jiya da ɗan da ya tafi biɗa bayan kaka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa kasuwa ta yi kyau.